Gwajin Ranar Kasuwa

Ina aji shida a Yelwa, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, hedimasta ya ce yara biyar kaɗai zai tura jarabawar shiga sakandare, kuma gwajin lissafi ne zai fitar da su. Na kuwa san matsayina. Ni ce ta shida.

Ta biyar ita ce abokiyar zamana a benci, ɗiyar masunta daga wani tungan bakin tafki. A kwale-kwale ake kawo ta. A gidansu Gunganci ake yi, Hausarta ma a karkace take, amma ita ta koya mini doguwar rabawa da tsinke a ƙasa, bayan malam ya gaji da ni.

Kowa ya san ranar kasuwar Yelwa 'ya'yan masunta ba su zuwa makaranta. Jiragen duk sun cika da kwandunan bandar kifi, yaran kuma suna gindin kaya. Malamai sun saba, ba su ma kiran sunayensu. To, a irin wannan rana malaminmu ya shigo da takardun gwajin ya ce, "A rufe littattafai."

Gefena babu kowa. Na yi lissafin yadda ta koya mini. Aka ba ta sifiri, na zama ta biyar.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne, malamin nan a ɗakin zauren gidanmu yake zaune, daga tukunyarmu ake zuba masa tuwo. Na samu Inna tana tankaɗe.

"Inna, Baba ya yi wa malam maganata?"

"Maganar mi?"

"Ta gwajin. Don mi sai ranar kasuwa?"

"Ke dai da baƙin tsegumi! An ba ki nama kina tambayar wa ya yanka. Miƙo min faifai."

Na miƙa mata faifan. Na yi ta kallon malam ko zai kauce wa idona. Bai kauce ba, sai hakan ma ya ƙara mini zargi.

Washegari abokiyar zamana ta zo, ta duba sunayen a allo, ta zauna.

"'Yar birni, kin aro ɗaya daga goma ko kin manta kamar kullum?"

"Na aro."

"To madalla," in ji ta.

A Birnin Yauri muka rubuta jarabawar. Da na ga tambayoyin rabawa, sai na riƙa jin kamar a kujerarta nake zaune. Na rubuta, na goge, har takardar ta huje. Ban ci ba. Karatuna a nan ya tsaya, nata ma haka.

Har malam ya rasu ban iya tambayarsa ba. Wataƙila mantuwa ya yi. Amma shekararsa tara a Yelwa, kuma duk ranar kasuwa shi Inna ke aika wa kifi da zafinsa.