Ɗalhatu, Faifanmu Bai Rabu Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, Allah Ya karɓi ran Malam Ɗalhatu Gusau, direba, a nan Doha, bayan gajeriyar jinya.

Malam, da wata 'yar kalma muke tsokanarka. Duk injiniyan Turai da ya shiga motarka, sai ka tambaye shi me ake nufi da "rar" a garinsu. Mutumin Denmak ya ce maka mai kirki, na Norwe ya ce abu wani iri, Bajamushe kuma ya ce abin da ke wuyar samu. Ka dawo ɗakinmu na unguwar Mushairib kana murna kamar an yi maka haihuwa, kana cewa, "Harsunan nan kakansu ɗaya fa, amma kowa da inda ya ajiye ta!" Mu kuwa muka raɗa maka Malam Rar.

Amfanin tambayar ya fito ne lokacin da wasu 'yan Najeriya suka matsa wa Bawah, mai gadi ɗan Zongon Kumasi, da dariyar Hausarsa. Ya yi zuciya, ya daina zuwa cin tuwon da muke haɗuwa mu ci duk Juma'a, sauran 'yan Gana suka bi shi. Faifan da ke haɗa mu a ƙasar mutane ya tashi rabuwa, abin ya dame ni ƙwarai.

Ba ka yi wa kowa wa'azi ba. Kowace Juma'a sai ka ɗauki tuwonka ka tafi har garin Wukair wurin Bawah, kana yi masa tambayar da kake wa Turawa: "Ku a Kumasi yaya kuke cewa?" Teburin da babu kai kuwa lami ne. Da ɗaya-ɗaya muka bi ka, har masu dariyar suka koyi tambaya.

Bawah ne ya yi maka wanka. Da muka dawo daga maƙabarta ya dube mu ya ce, "Khalas, shi ke nan, Juma'a kowa ya zo, ni zan tuƙa tuwon." Mun je, Malam, ba wanda ya rage. Na yi kewarka, amma raina fari ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba uwargida Haulat da 'ya'yanka haƙuri, Ya bar mu a faifai ɗaya.