Rabon Kebbe a Taron Ɗan Majalisa

Da can mu mutanen Kebbe da na Tambuwal ƙaramar hukuma ɗaya muke, ba mai auna tsawon wani. Yanzu kowa da sakatariyarsa. A majalisar jiha Tambuwal kujera biyu gare su, gabas da yamma, mu ɗaya. Ta majalisar wakilai a Abuja kuwa guda ce aka haɗa mana, sanata kuma mun yi tarayya da sauran kudancin Sakkwato. Na zauna Nijar, inda ake jefa wa jerin sunaye ƙuri'a, na yi fatauci a Gana, inda mazaɓa ba ta kai tamu faɗi ba. Namu tsarin ya fi kama da akushi ɗaya tsakanin mutum biyu, hannun ɗaya ya fi tsawo.

Ina da taubashi a Sanyinna, ɗan gwaggona, manomin dawa. Tun muna yara bawa nake ce masa, tunda shi ɗan mace ne. Bai taɓa wuce Jega ba. Amma Sanyinna ƙasar Tambuwal ce, wurin da ƙuri'a ta fi kauri, shi kuma yana da jama'a. Duk ɗan takara sai ya cire takalmi a zaurensa.

Wata shekara ɗan majalisarmu na Abuja ya zo gida jin koken mazaɓa. Dattawan ƙauyenmu suka ce ni zan yi magana kan hanyarmu da ke yankewa da damina. Na ji daɗi ƙwarai. Na daɗe ina son a ji ni a irin wannan zama, ni da na yi tafinta da Larabci da Fulatanci a ƙasashen mutane.

A ƙofar rumfar taro a Tambuwal na tarar da taubashin nawa cikin sabuwar riga.

“Bawa, wa ya ara maka wagga riga?” na ce.

“Ubangidana, ai ta masu magana ce. Kai mi kaka nema nan?”

“Hanyarmu nika son faɗi.”

“Af! Ai an girmama ka. Kai za ka rufe muna taro da addu'a.”

Al'adar irin wannan taro ke nan: ɓangaren da ya fi yawa shi ke jawabi a madadin mazaɓa duka, a ba dattijon ɗaya ɓangaren addu'a. Ba a ƙin addu'a, ba a kuma kai ƙara a cikinta.

Taubashina ya miƙe ya yi magana a kan taki da rijiyoyi, ya ambaci Kebbe sau ɗaya a wucewa. Ɗan majalisa yana gyaɗa kai, har ya kira shi Baba.

Da aka miƙo mini lasifika sai na ɗaga hannu, na yi salati, na roƙa wa ƙasa zaman lafiya. Sannan na ce Allah ya dubi hanyar ƙauyenmu, na faɗi inda take yankewa, da yadda masu babur ke sauke mata su ratsa ruwa da ƙafa. Jama'a suka ce amin. Ɗan majalisa ma ya ce amin da ƙarfi, ya shafa. Aka watse.

Taubashina ya riƙe mini hannu yana dariya har da hawaye.

“Ka kai ƙara inda ta fi ƙarfin Abuja, ubangidana. Sai mu jira.”

Bayan an kwana biyu taubashin nawa ne ya ɗauki maganar hanyar ya kai wa ɗan majalisa, aka zuba tsakuwa a mashigin. Mutanenmu suka yi ayari zuwa Sanyinna godiya. Na ce ƙafata na ciwo.

Daga wannan taro ba a sake neman jawabi a bakina ba. Duk zaman mazaɓa ni ne mai addu'a, shi ne bakin Kebbe da Tambuwal.