Dogon Yaro Goma Sha Ɗaya

Shekara tara ina aikin ungozoma a likitar garinmu, tsakanin Tsarnawa da Malbaza, kuma da wuya in ce ga ranar da na ga Baba Badaru ya zauna ya huta. Ko tuwo a tsaye yake ci. A takarda mai gadi ne, amma gadin shi ne ƙaramin aikinsa. Shi ke gyara famfo, shi ke hawa rufi ya goge faifan sola, shi ke toshe kwano kafin damina. Ƙofa ta yi ƙara a ɗakin haihuwa, kafin ki rufe baki ya iso da baƙin mai a murfin kwalba. Majo biyar suka shugabanci likitar suka tafi, kowanne da sabon tsarinsa, shi yana nan da makullai a ƙugu.

Ɗan manoma ne daga Bazaga. Leburanci ya kawo shi lokacin da ake gina wurin, shekara ashirin da shida da suka wuce. Da ɗan kwangila ya kwashe komatsansa, bai bar wa kowa ko fallen takarda da ke nuna inda aka binne tiyon ruwa ko wayar lantarki ba. Aka duba aka ga mutum ɗaya ne ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasar, sai aka ce ya zauna. Bai yi lakwal ba, bai iya boko ba, ginin duka a kansa yake, kuma yana ji da hakan sosai. Abu na biyu da yake ji da shi itatuwan dogon yaro ne guda goma sha ɗaya da ya dasa a harabar, a karkace, daga bakin ƙofa zuwa ɗakin haihuwa. A inuwarsu mata ke jiran awo da rigakafi, suna sa masa albarka.

Bara da bazara ruwa ya fara ja baya a famfunanmu. Yau siriri, gobe ɗigo, rannan shiru. Shato, babban tankin ruwan gari, a cike yake, maƙwabta suna ta ɗiba, mu kaɗai muka bushe. Sai amalanken jaki ke kawo mana jarkoki, su ma ba sa isa azahar. Akwai ranar da na karɓi haihuwa uku da ruwan buta biyu. Ranar na yi kuka don takaici, ban ɓoye ba. Majo ya tara mu ya ce idan Juma'a ta yi babu ruwa, za a rufe ɗakin haihuwa, duk mai naƙuda a tura ta Konni. Wanda bai taɓa ganin mai naƙuda a bayan babur ba ne zai ɗauki wannan ƙaramar magana.

Baba kuwa sai ya ƙara rikicewa. Yana ta safa da marwa, yana ɗaure notin da ba shi da laifi, yana share inda ya riga ya share. Famfo kaɗai ne bai taɓa ba.

Ran Litinin aka turo mana Surayya daga Tahoua. Ita ke kula da gine-ginen likitoci a yankinmu, a kan babur take yawo, komai ta gani sai ta shigar a wayarta. Ta tambayi taswirar ginin, muka kalli juna. Ta ce ba ta yi mamaki ba. Kusan duk inda ta je akwai wani tsoho da ke riƙe da ginin a kai, ranar da ya tafi sai kowa ya koma lalube. Ta rusuna ta gaishe da Baba.

"Baba, ta ina tiyon ya bi?"

"Ɗiyata, na tsuhwa," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Na mance."

Na yi masa wani kallo. Mutumin da ya san shekarar da aka sauya kowane ƙwan lantarki, shi ne wai ya mance?

Surayya ta ja layi miƙe daga mitar ruwa zuwa ɗakin haihuwa, ta sa leburori haƙa. Rami uku cikin kwana biyu, a wannan zafin, ba abin da suka tarar sai dutse. Ran Laraba bayan azahar na fito zubar da ruwan wanki, na hango Baba shi kaɗai a ƙarƙashin itatuwan. Yana tafe yana dafa su ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe ya juyo. Na ajiye bokitin na tare shi.

"Baba Badaru, ka ji tsoron Allah. Mata huɗu gare ni da watansu ya tsaya. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya murza makullansa.

"Madam, tiyon bai tahi miƙe ba. Dutse munka iske, munka yi ta kauce mai. Da anka ruhe ramen, sai tsoro ya kama ni kar in mance, ga shi ban iya rubutu ba. Sai ni samo ɗiyan icce. Duk inda tiyo yak karkata, in dasa guda."

Na juya na bi layin itatuwan da kallo.

"Ni manomi na, na san saiwa tana bin ruwa," ya ce. "Amma nic ce roba ta, ta ina za ta shiga? Tun da ruwan ga yah hwara ja baya na san ni na. In na hwaɗi, a sare su, kuma a ce Badaru shi yak kashe ruwan likita."

Wallahi na so in zazzage shi tas. Kwana goma sha biyu muna wahala, amsar tana yawo a gabanmu da makullai a ƙugu! Amma da na dube shi, sai tausayi ya danne fushin.

"To, kai za ka faɗa mata, ko ni?"

"Ni za ni hwaɗi."

Ya je ya faɗa, a gaban majo da leburori, bai rage komai ba. Surayya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce dabarar ta fi ta ɗan kwangilar, iccen ne kawai bai dace ba. Suka haƙa gindin na huɗu. A mahaɗar tiyon saiwa ta kutsa ta cunkushe ciki kamar soson wanka. Haka a na biyar, haka a na bakwai. Sauya hanya ba zai yiwu ba saboda dutsen, dole itatuwa bakwai su tafi har saiwarsu.

Bai yarda wani ya fara sara ba, shi ya ɗauki gatarin. Matan awo suka koma jikin bango suna kallo, wata tsohuwa tana ta salati tana cewa Badaru ya zare. Ya ci gaba da sara. Ni dai ban iya tsayawa kallo ba, na shige ɗaki na yi ta jera kayan da na riga na jera.

Ran Alhamis da la'asar famfon ɗakina ya yi tari, ya tofar da jan ruwa, sannan ya ɓarke. Mai shara ta rangaɗa guɗa. Na fita neman Baba in yi masa albishir, ban gan shi a haraba ba. A bayan ɗakin magani na same shi, a sunkuye, yana tumɓuke wasu ƙananan itatuwa da ba su wuce ƙugu ba. Kullum ina wucewa ta wurin, ban taɓa kula da su ba.

"Baba, ruwa ya zo! Su kuma waɗannan me suka yi?"

"Wayar da ka kai wuta ga firigon sanyaya allura ta nan tab bi," ya ce, bai ɗago ba. "Bara waccan nid dasa su."

Ya fizge na shida ya jefar, ya miƙe da ƙyar, ya tsaya yana kallon ƙasar da babu sauran alama a kanta.

"Yanzu ba ta ko'ina sai cikin kaina, Madam, kuma shekaruna sittin da bakwai. Tahi ki tsai da yarinyar ga, ta zo da abin rubutunta."

A daidai lokacin na ji Surayya ta tayar da babur a bakin ƙofa. Na tattare zanena na sheƙa da gudu ina kwaɗa mata kira.