Ranar da Na Kusa Sa Inna Dudu Ta Tsallake

Ba na jin zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin nan ta tsakiyar damina. Wata biyu ke nan, amma har yanzu in na ji hayaniya a bayan danga sai gabana ya faɗi. An ce in rubuta muku, ku da za a turo ƙauyuka bayanmu, shi ya sa na daure.

Asibitinmu na En'e, wato hukumar gargajiya, yana wani ƙauye a hanyar Disina, ɗaki biyu ne. Malamin asibiti shi ne babba, wato Malam Garba, kuma mabuɗin akwatin magani yana hannunsa. Likita yakan zo daga Azare sau ɗaya a wata. Ni ƙaramar ungozoma ce, bara na gama koyon aiki bayan makarantar 'yan mata. Tun da namiji ba ya shiga gidan matan aure, ni ake aikawa ciki.

Ban da karɓar haihuwa, kowace Alhamis nakan zaga tsofaffin da ba su da kowa. Wannan ba dokar En'e ba ce, mutanen gari ne suka tsara tare da Liman. An raba wa gidaje tsofaffin, yau wannan gida ya kai tuwo, gobe wancan. Nawa kawai in duba ko an kai, in ga ko akwai gyambo ko tari. A cikinsu akwai Inna Dudu, Bafulatana, mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, ido ɗaya ya mutu, ɗayan ma duhu-duhu take gani da shi.

Da hantsi ran nan sai ga Gwaggo Ladi, ungozomar gargajiya ta garin, ta zo da kanta. Ta ce Kulu matar Malam Buba, kwana biyar da haihuwa, jikinta ya yi zafi, tana ta sambatu. Malam Garba ya ce zazzaɓin jego ne. Ya ba ni allurar fanisilin, ya ce ɗaya kullum, kada in yi fashi.

Muka tarar gidan ya cika. A tsakar gida, cikin taɓo, ga Inna Dudu zaune, leɓenta ya fashe, ta ƙanƙame zaninta da hannu biyu, tana ta rantsuwa da Fulatanci. Ashe tun safe Kulu ke ta kiran sunanta. Kun san yadda ake ɗauka: in mara lafiya ya kira sunan wani cikin sambatu, an ce shi ne mayen da ya kama shi. Maganinsa kuwa a tuɓe wanda ake zargi, ya tsallake mara lafiyan sau uku, wai ya sakar masa kurwa.

Malam Buba ya ce, "Malama, yi allurarki, ba mu hana ba. Amma tsohuwar nan sai ta tsallake."

Na shiga na yi allurar. Da na fito na ga ƙanen Malam Buba ya ɗaga sanda zai sake dukan tsohuwar. A raina na ce tsallakewa ba ta kashewa, ba ta warkarwa, in ta yi ai za su daina dukanta. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, ki yi haƙuri ki tsallake, su ƙyale ki."

Sai na ji an damƙi wuyan hannuna. Gwaggo Ladi ce, ta ja ni bayan rumbu.

Ta ce, "Ke 'yar boko, allurar nan taki tana aiki?"

Na ce, "Tana yi, in Allah ya yarda."

"To in tsohuwar nan ta tsallake yau, jibi Kulu ta miƙe, wa za a ce ya warkar da ita? Ke? Cewa za a yi mayya ta saki. Daga nan ko akuya ta yi tari a garin nan ita ce. Wa zai ƙara kai mata tuwo? Na ga irin wannan ina budurwa. A bakin kogi aka tsinci waccan."

Maganin da na zo da shi, shi ne zai zama shaidar da za ta kashe ta, kuma da bakina na roƙe ta.

Gwaggo ta ce, "Tare ƙofar. Bari in kira Liman."

Na je na tsaya a bakin ɗakin Kulu, na buɗe hannuwana na riƙe ƙofa. Na ce dokar asibiti ce, in an yi wa mai jego allura ba mai shiga sai ungozoma. Ƙarya na yi, babu wannan doka. Ƙanen Malam Buba ya matso har ina jin warin gumin rigarsa.

Ya ce, "Ke 'yar wa ce a garin nan? Jiya-jiya aka sauke ki daga mota, yau ke ce mai doka a gidan yayana?"

Daga bayana Kulu ta sake cewa, "Inna Dudu, Inna Dudu." Duk lokacin da ta faɗa sai taron ya ƙara matsowa. Wata mata ta kama bakin zanin tsohuwar tana ja. Ban san tsawon lokacin da na yi a nan ba, na dai san ban saki ƙofar ba.

Da Liman ya iso aka buɗe masa hanya. Ya saurari kowa, sannan ya ce a ba allura kwana uku, Inna Dudu kuma ta zauna a gidansa tare da iyalinsa, ba mai taɓa ta.

Malam Buba ya ce, "Allah gafarta Malam, in matata ta mutu fa?"

Liman ya ce, "Rai na Allah ne, Buba."

Malam Buba ya nuna ni ya ce, "To in ta mutu, ga wadda ta tare ƙofa."

Da na gaya wa Malam Garba, faɗa ya fara yi. Ya ce, "Allura aka aike ki yi, ba shari'a ba. Wace doka ce kika ƙago mini?" Amma ya zauna ya rubuta wa Dagaci takarda, ya dafa sirinji da kansa, ya ce gobe tare za mu, shi ya tsaya a zaure.

Ran Juma'a zafin jikin Kulu ya ƙaru. Ba wanda ya amsa sallamata a gidan. Ran Asabar da la'asar gumi ya karyo mata. Ran Lahadi na tarar da ita zaune tana shan kunun kanwa. Ta dube ni ta ce, "Malama, ran Alhamis gidanmu ne ke da kai tuwo. Wa ya kai wa Inna tuwo?" Abin da take ta kira ke nan tun farko.

Malam Buba bai ba da haƙuri ba, ya dai aika wa tsohuwar da damin gero. Gidaje biyu sun daina kai mata abinci har yau, wai tsoron Liman ne ya sa ta saki kurwar Kulu daga nesa. Gidan Liman da na Gwaggo Ladi suka ɗauki ranakunsu. Ni kuwa ban daina tunanin abin da zai faru da ita, da ni, in da Kulu ta cika ran Juma'ar nan ba.

Abin da na koya shi ne, a makaranta an koya mana abin da allura ke yi a jiki, ba a koya mana abin da take yi a gari ba. Wannan sai a wajen irin su Gwaggo Ladi, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa. In kun shiga gida kun tarar an kewaye wani marar gata, kada tsoro ya sa ku roƙe shi ya amsa laifin da bai yi ba don a zauna lafiya. Ku za ku koma asibiti da yamma. Shi a garin zai kwana.