Tsagar Gadar Kilomita Huɗu

Shekara ashirin da shida Mai-Guduma ya yi yana bin layin dogon da ya shiga rumbun taki. Aikinsa ke nan: ya ƙwanƙwasa ƙarfe, ya kasa kunne, ya ɗaure notin da ya kwance. Amma shekara goma sha tara ke nan rabon layin da jirgi. Abin da jirgi ɗaya kan kwaso a kwana biyu, yanzu tirela arba'in ke ja har mako biyu, suna farfasa kwalta, suna kifewa a hanya. Sau da yawa takin kan isa ƙauyuka bayan shuka ta wuce gwiwa. Kullum bakinsa bai gajiya da tsine wa “na sama” da suka kashe jirgi.

Ranar da zai yi ritaya ya shiga ofis don ya sa hannu a takardar sallama. Akawun, wata mai tabarau sa'ar 'yarsa, ta ga sunan sai ta tuntsire da dariya.

“Baba, ashe kai ne mai rubutun nan kamar tonon kaza! Duk shekara sai na yi kwafinsa.”

Ta turo masa fayil ɗin kwangilar motoci. A bayan kowace kwangila an manne takarda iri ɗaya, da hannunsa: gadar da ke kilomita huɗu ta tsage, haɗari ne jirgi ya hau.

Ya dafa tebur. Ya tuna tsagar. Siririya ce kamar zare, a shafen siminti kawai. A lokacin ana neman wanda za a ba shugabancin masu duba layi, shi ne ya zuzuta ta a takarda don injiniya ya zo ya ga ƙwazonsa. Injiniya bai zo ba, muƙamin ya tafi ga wani. Shi ma da kansa ya liƙe ta da kwano ɗaya na siminti, ya manta.

“'Yata, ba wanda ya je ya duba? Shekara goma sha tara?”

“Wa zai duba, Baba?” Ta nuna ƙofar manaja da baki. “Manaja uku na gani a nan. Kowa ya tarar da takardarka, kowa ya sayi tirela.”

“Innalillahi! Gadar nan lafiyarta lau.”

“To ai kai ka ce ba lau ba. Sa hannu nan, ka je ka huta.”

Ya riƙe biro ya kasa. Yana sa hannu ya zama bare, maganarsa ba ta ƙara shiga fayil.

“Ba ni farar takarda.”

Ta sauke tabarau. “Baba, in ka rubuta cewa ƙarya ka yi, da wane suna za ka fita daga nan?”

“Da nawa na gaskiya.”

Ta zaro takarda, ta jawo hatimin karɓa kusa da ita.