Kukan Motar Yaya Sadiq

A wannan makon yayana Sadiq ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, amma labarinsa ba ya faɗuwa ba tare da na motarsa ba, a labarin motar kuwa akwai wurin da na fi son in yi shiru. Bana na ce bari in faɗe shi yadda ya faru, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka.

Yaya Sadiq injiniya ne. Karatu ya kawo shi Manchester, ya zauna, ya samu aiki a wani council, wato ƙaramar hukuma, ɓangaren hanyoyi da fitilun titi. Gidansa yana Levenshulme, shi da matarsa Anti Maryam da 'ya'yansu mata biyu. Ni kuma ina Birmingham, ina aiki a kantin magani kusa da jami'a a unguwar Edgbaston. Mu biyu ne kaɗai 'yan ɗakinmu a ƙasar nan.

Lokacin da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka fara rufe ɗakunan karatu da wuraren wasan yara, shi aka ba aikin zaɓen titunan da za a rage wa hasken fitila. Ya yi aikin ba da son ransa ba. Da ya gama, aka rage ɓangaren nasu gaba ɗaya, har da shi.

Tun kafin wannan yana da motar. 'Yar Amurka ce, mai ƙofa biyu da dogon bonet, silinda takwas, sitiyarinta a hagu kamar motocin gida. A kan injin akwai abin da ake kira sufacaja, wani famfo ne da bel ke juyawa, yana cusa wa inji iska da ƙarfi. Shi ke sa idan an taka totur ka ji ruri a ƙasa, a samansa kuma wani siririn kuka. Da safe Yaya yana neman aiki, da rana yana garejin da ya kama haya a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, bayan Stockport Road. Ya canza salansa. Ya sa manyan nozul masu fesa wa inji mai. Ya ƙara lagireton da ke sanyaya iskar, ya sake birki, ya sa aka sake saita kwamfutar motar. Duk abin da ya ɗaura sai ya kira ni, ya kanga wayar kusa da inji, ya ce in saurara. A haka, ni da ban san sifana ba, na haddace muryar motar nan kamar muryar mutum.

Na taɓa ce masa, "Yaya, a ƙasar da kowane lungu akwai camera mai kama masu gudu, ina za ka yi gudu da ita?"

Ya ce, "Ba gudun ba ne, Hadiza. Ina so in san akwai abu ɗaya da idan na ƙara masa yana ƙaruwa. Everything else ragewa ake yi."

Aikin ƙarshe shi ne fuli, ɗan wilin da bel ke juyawa a bakin sufacajar. Idan aka sa ƙarami, famfon zai fi saurin juyawa, ƙarfi ya ƙaru. Ya ce ranar Asabar zai ɗaura shi, ya kama hanya ya gwada ta har Birmingham, in yi masa ɗanwake, zai iso bayan la'asar.

Asabar ɗin an yi ruwa tun safe, ya ɗauke da rana. Na idar da la'asar ina kicin, gari da haskensa, sai na ji ta daga bakin layi. Rurin na san shi. Amma siririn kukan ya fi wanda na sani tsini, kamar guɗa daga nesa. Na ce a raina, sabon fulin ke nan. Ta taho a hankali, ta tsaya a ƙarƙashin tagata, aka kashe ta. Na zura hijabi na sauka.

Babu kowa a layin. A ƙofar flat ɗinmu akwai gurbin mota ɗaya, kwaltar wurin a bushe, ko'ina kuma a jiƙe. Na ce wata motar ce ta tashi yanzu. Na duba sama da ƙasa, na kira wayarsa ta yi ta ringing. Na koma na rufe ɗanwaken.

Gab da magariba Anti Maryam ta kira. Mai garejin, wani dattijo ɗan Ireland, ya zo rufe ƙofar waje ya tarar da Yaya a kujerar direba, ƙafa ɗaya a ƙasa, kamar mai shirin fitowa. Likitoci sun ce zuciya ce, kuma tun kafin azahar. Bonet a buɗe yake. Ya cire tsohon fulin, sabon yana cikin kwalinsa, bel ɗin yana rataye a ƙusa. Motar ba ta motsa daga wurin ba.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Bayan an yi arba'in na tambayi wani malami a masallacinmu. Ya ce wanda ya tafi ya tafi, kunne kuma yakan ji abin da zuciya take jira, in yawaita masa addu'a. Na karɓi wannan, kuma har yau ban ga laifin amsar ba.

Motar ta yi lokacin sanyi biyu a rufe. Da dattijon ya buƙaci wurinsa, Anti Maryam ta yanke shawarar a sayar. Mai saye ya ce sai ya ji ta tashi, don haka wani makanike abokin Yaya ya zo ya ƙarasa aikin. Na hau jirgin ƙasa na je, don kada Anti ta tsaya ita kaɗai. A gabanmu ya yanke ledar sabon fulin, ya ɗaura, ya mayar da bel, ya sa batir. Ta tashi. Ya ɗan taka totur.

Shi ne. Kukan da na ji a Edgbaston, da tsininsa da komai. Kafin in ce wani abu na ga Anti Maryam ta zauna a kan wata tsohuwar taya.

Ta ce, "Hadiza, wannan na ji ranar. Ina kwashe shanya bayan azahar, na ji ya wuce ta layinmu bai tsaya ba. Har haushi na ji, wai ya kama hanyar Birmingham ko sallama babu."

Daga Levenshulme zuwa ƙofata tafiyar kusan awa biyu ce. Na zauna kusa da ita na faɗa mata nawa. Makaniken, da ba ya jin Hausa, ya leƙo yana murmushi, ya ce mu saurara da kyau, yau ne karo na farko da motar nan ta yi wannan kukan. 

Yanzu garin ya sake. Motocin lantarki sun cika titi, suna wucewa ba a jin su, sai ka juya ka ga mota a bayanka. Tsakiyar Birmingham ma an sa wa motoci masu hayaƙi doka. Babbar 'yarsa motar lantarki take ja, Hausarta kuma sai an lallaɓa. Nakan tambayi kaina me zai ce. Na san zai yi kwana uku yana tsokanarta, cewa ta sayi firiji mai taya. Na kuma san a rana ta huɗu za a same shi kwance a ƙarƙashinta da tocila, yana neman inda za a ƙara mata. Ban taɓa ganin ya raina abin da bai buɗe ba.

Motar an tafi da ita arewacin ƙasar nan a bayan tirela, ba mu sake jin labarinta ba, ba mu kuma nema ba. Garejin ya zama wurin sayar da kofi. Ni da Anti Maryam ba mu ƙara tayar da maganar ranar ba, sai dai tun daga lokacin ba ta taɓa fita daga gida ba tare da ta yi wa yaran sallama ba, ko da shagon bakin layi za ta.

Ba ni da bayani, kuma na daina nema. Ban ce mamaci yana yawo ba, addinina bai koya mini haka ba. Abin da na sani shi ne an raba mutumin nan da aikinsa da ofishinsa, an bar shi da rana tsaka ba wurin zuwa, bai zama mai ɗaci ba, bai ɗaga wa iyalinsa murya ba. Tun muna yara a Kano, idan ya ce zai zo ɗaukata daga makaranta, ko kowa ya watse nakan zauna a bakin get hankalina kwance. Da wannan nake tuna shi.

Allah Ya jiƙan Yaya Sadiq, Ya haskaka masa kabarinsa, Ya sa ya sauka lafiya.