Kuri'ar Raɗa da Sunan Suruki

Kafin a kawo mana akwati da takarda, akwai zaɓen da muka yi da baki a Yerwa. Na majalisar gari ne, 'yan shekaru kafin mulkin kai. Duk magidancin da yake biyan haraji zai shiga layi, in an zo kansa ya sunkuya ya raɗa wa akawu sunan wanda yake so, akawu ya ja layi a takardarsa. Aka ce wannan shi ne zaɓen sirri. Ɗan doka yana tsaye a bayan akawun ya baza kunnuwa kamar zomo, shi ma yana taya mu tsaron sirrin.

Mutum biyu ne suka tsaya a unguwarmu ta Hausari. Ɗaya mai kanti, ɗayan dillalin bandar kifi, kuma shi ne surukina, mahaifin matata. Dukansu Alhazai ne.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa furta sunansa ba. Haka muka taso. Ko yaron maƙwabta ne yake da sunan, sai dai in ce masa "mai sunan Baba". Ban kawo wannan a raina ba sai safiyar zaɓe, matata tana tankaɗe ta tuna mini. A lokacin mata ba sa zaɓe, amma ba wanda ya iya hana su magana.

"Malam, to da wane bakin za ka faɗa?"

"Sai in ce Baba."

"Akawun a gidanmu aka haife shi? In Baba ya faɗi saboda kunyarka, sai ka koma kantin wancan ya riƙa tuƙa maka tuwo."

A filin makarantar elemantare aka yi, ƙarƙashin darbejiya. Bayana a layi maƙwabcina ne, Babarbare mai ɗinkin hula, wanda muke zuwa ajin yaƙi da jahilci tare da la'asar. Ya san halin da nake ciki, tun daga gida yake murmushi.

Akawun saurayi ne daga wajen Biu, malamin makarantar mishan. Ya miƙo mini kunne ba tare da ya ɗago kai ba.

"Wa kake so, Baba?"

Na raɗa masa, "Baba."

"Na'am, kai nake tambaya."

"Alhaji."

"Wane Alhajin?"

"Na kifi."

Ya duba takardarsa sama da ƙasa. "Ba a ba ni kifi a nan ba. Suna aka ba ni."

"To karanto sunayen, in ka zo kansa zan yi tari."

Ya ce doka ta hana shi sa wa mai zaɓe magana a baki. Ba da rashin kunya ya faɗa ba. Yaro ne mai ladabi, ya dai riƙe dokar nan kamar ita ta haife shi.

Layi ya fara guna-guni, rana ta taso. Maƙwabcina ya leƙo ta kafaɗata, ya kira ni yadda Barebari suke kiran Bahaushe, ya ce, "Afuno, in sirrin mai tsawo ne ku koma zaure. Ko 'yarka kake ba shi?" Aka fashe da dariya. Ya ƙara da cewa, "Akawu, bari ni in faɗa a madadinsa, ai ba surukina ba ne." Akawu ya ce kowa da bakinsa ya zo.

Na tsaya ina nazari. In na faɗi sunan, ɗan doka zai ji, kafin azahar duk Kasuwar Litinin ta san na kira sunan surukina gatsau. In na ƙi, kuri'ar ta tafi a banza.

Sai na tsuguna, na share ƙasa da tafin hannu, na ɗauki tsinken darbejiya. A aji mun wuce baƙaƙe, mun fara haɗa sunaye. Na soma ja a hankali, don ni ba na gaggawa a rubutu. Maƙwabcina ya sunkuyo yana duba mini aiki.

"Tumbin wannan harafin gabas yake kallo, ba yamma ba. Jiya-jiya aka yi mana."

Na goge na gyara. Da gaskiyarsa.

Da na gama, akawu ya leƙo. Halin malaman makaranta ya motsa masa, ya karanta sunan gaɓa-gaɓa, da muryar da yake koyar da yara, har na ƙarshen layi ya ji.

"Shi ne?"

Na ce, "Kai ka faɗa."

Ya ɗan ciji fensir yana tunani, sannan ya ja layi. Kafin in sa hannu in goge, ɗan doka ya tura ni gaba da sandarsa, wai na ci lokacin mutane. Haka layin ya bi ta kan rubutun, mutum bayan mutum. An ce magoya bayan mai kanti har tsayawa suke yi su murje ƙafa a wurin.

Surukina ya ci. Kashegari na je yi masa barka, na cire takalmi na durƙusa a zaure. Ya bar ni a durƙushe ya gama goronsa.

"An ce ka yi ilimi."

"Kaɗan dai, Baba."

"An ce duk Hausari ta bi ta kaina da takalmi. Har mai kanti."

"Ƙasa ce kawai, Baba."

"Ƙasar ce ta rubuta kanta? Da ka faɗa, ai da na ce kuskuren baki ne."

Na ƙara sunkuyar da kai, don ba a musu da ɗan majalisa. Can ya ce in zaɓe ya sake zagayowa in yi zamana a gida, ya yafe kuri'ata. Na ce to. Bai ƙara amsa gaisuwata da baki ba sai bayan Babbar Sallah.